Ƙafa uku, rami biyu

Ku shiga kowane shagon buga takardu a Maraɗi ko Damagaram, ku leƙa ƙarƙashin tebur ko saman kabad. Da wuya ku rasa ekaran na kwamfuta ɗaya ko biyu a ajiye, ƙura ta rufe su. Ku tambayi mai shagon mi ya same su, zai ce muku sun mutu. Da yawansu ba su mutu ba. Gilashinsu lafiya lau, cikinsu lafiya lau. Abin da ya ƙone shi ne ɗan baƙin akwatin nan da ke ɗauko kuran daga bango, ya rage masa ƙarfi, ya miƙa wa ekaran, wanda muke ce wa sharjar ko da yake ba batir yake cikawa ba. An shiga kasuwa neman irinsa, an samu mai kama da shi, kansa ya ƙi shiga priz. Ko ya shiga priz ya ƙi shiga ekaran. Ko ya shiga duka biyu, ya yi hayaƙi. Daga nan sai a ce ƙaddara, a tura kayan kuɗi masu yawa ƙarƙashin tebur saboda ɗan abin da bai kai babban yatsa ba.

Komi da ikon Allah, wannan na sani. Amma wanga lamari akwai hannun mutane a ciki, kuma mutanen suna da ofis, suna da albashi, wasunsu suna da riba. Neman kan waya da zai dace da priz ɗinka ya zama wani haraji da talakan Nijar ke biya ba tare da rasit ba, kuma an saba mana da shi har mun ɗauka rashin saninmu ne ya jawo. Wanda kayansa suka ƙone shi ke jin kunya. Wanda ya ƙera, da wanda ya shigo da kayan, da wanda ya buga hatimi a duwan, ko a jikinsu.

Bari in bi da ku hanyar da mai neman sharjar ekaran ke bi, don wanda bai taɓa shiga ba ya ga inda ake faɗuwa.

Shingen farko shi ne bango. Priz ɗin gidajenmu irin na Faransa ne: rami biyu masu zagaye, wani lokaci da ɗan ƙarfe a tsaye na wayar ƙasa, kuran volt 220. To, kayan da ke cika kasuwanninmu daga ina suke? Na Maraɗi yawanci ta Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa, na Damagaram daga Kano, na Tawa ta Illela da Ƙonni. Najeriya kuwa tsarin Ingila take bi: kai mai ƙafa uku masu kusurwa, wanda ko da guduma ba zai shiga raminmu ba. Abin da ya biyo ta Dubai ma haka, don can ma tsarin Ingila ne. Na gwanjo daga Amurka ƙafa biyu gare shi masu faɗi kamar reza. Wanda aka ƙera don kasuwar cikin ƙasar Sin, ko ƙafa biyu masu faɗi, ko uku a karkace. Tebur ɗaya a kasuwa, kai iri huɗu ko biyar, gidanka kuwa iri ɗaya ya sani.

In ka tsallake wannan, akwai mahaɗin da ke tsakanin wayar bango da akwatin kansa. Wasu sharjar ana cire wayarsu ta bango a sa wata. In naka irin wannan ne, ka yi sa'a, domin waɗannan mahaɗai duniya ta daɗe da daidaita su, kuma iri uku aka fi gani: mai rami biyu da ke kama da lamba 8, irin na rediyo, mai rami uku a zagaye da ke kama da kan ɓera da kunnuwansa, irin na kwamfutar hannu, sai babban mai rami uku na kwamfutar tebur. Masu sana'a suna kiran su C7, C5 da C13. Ka sayi waya mai kan Faransa a ɗaya gefen, magana ta ƙare. Sai dai masu ƙera kaya sun fito da wata dabara, sharjar da ake manna shi kai tsaye a bango, ƙafafunsa kuma suna kan wani ɗan faifai da ake zurawa ya kama. A masana'anta akwai faifan Turai, akwai na Ingila, akwai na Amurka, kowane kwali a saka masa na ƙasar da za shi. Kai da kwalin bai nufo ƙasarka ba, na wani ka samu. Layin da faifan ke zurawa a kai kuma kowane kamfani da nasa, na wannan ba ya kama na wancan. Je ka nemi faifan shi kaɗai a kasuwa, ka gaya mini in ka samu.

Shinge na uku shi ne mugun, domin shi ba ya nuna kansa: ɗan bakin ƙarfen da ke shiga bayan ekaran. A ido duk ɗaya suke. A ma'auni kuwa akwai mai milimita 5.5 a waje da 2.1 a ciki, akwai mai 5.5 da 2.5, bambancin da ido ba ya gani amma ɗaya ya ƙi shiga, ɗaya ya shiga yana rawa, hoto na ɗaukewa yana dawowa. Akwai mai 6.5 da 4.4 da ƴar allura a tsakiya. Kwamfutocin hannu na HP da Dell sun daɗe da baki mai 7.4 da 5.0, daga baya suka koma ƙarami, Lenovo kuma ta yi nata mai kusurwa huɗu. Ba wata hikimar kimiyya da ta tilasta wannan tarin. Aikin duka ɗaya ne, a kai wuta daga nan zuwa can.

Ga misalin da ya fi ba ni haushi. Ekaran da yawa na LG volt 19 suke sha. Da yawa na Samsung volt 14. Amma bakin da ke shiga su kusan iri ɗaya ne, wancan mai allura a tsakiya. Ma'ana sharjar ɗin wannan zai shige cikin wancan sumul, ba gardama, ya tura masa volt 19 a inda ake jiran 14. Yaron shago ya gwada, ya ga ya shiga, ya ce maka "ga shi nan, daidai ne". Shi ma bai yi maka ƙarya ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. An ƙera abin ne ta yadda wanda ya dace zai ƙi shiga bango, wanda zai iya yi maka ɓarna kuma ya shiga ekaran ba wahala. Ina wanda zai ce mini wannan laifin mai saye ne?

Duk bayanin da zai cece ka yana nan rubuce, amma da harafi ƙanana kamar ƙwayar gero, da Turancin Ingila, a bayan akwatin. Layin wutar da ke shiga: in an rubuta 100 zuwa 240 volt, zai yi aiki a nan; in 110 ko 120 kaɗai aka rubuta, na Amurka ne, ka sa shi a bangonmu ya tashi. Layin wutar da ke fita: volt dole ya zama daidai da na bayan ekaran, ba kusa da daidai ba. Amper kuwa in ya fi ba laifi, ekaran abin da yake buƙata kaɗai zai ja. In ya gaza ne akwatin zai yi ta zafi har ya mutu. Sai wani ɗan zane mai alamar ƙari da ragi, wanda ke nuna ko tsakiyar bakin ce ke ɗauke da ƙari ko gefensa. Mafi yawa tsakiya ce, amma ba duka ba. Abu huɗu ke nan. Minti biyar sun isa a koya wa ɗan koleji. Mu ba a koya mana a lakol ba, ba a rubuta mana da Hausa ko da Faransanci a jikin kaya ba, sannan in mun ƙona a ce ba mu waye ba.

Bara ƙanwata da ke buga wa ɗalibai takardu ta rasa sharjar ekaran ɗinta, bayan kuran ya ɗauke ya dawo da ƙarfi. Kwana uku na yi ina yawon nema. Shago na farko akwai mai volt daidai, kansa na Ingila ne kuma a manne yake. Shago na biyu akwai mai kan Faransa, volt ɗinsa 12. A shago na uku na samu wani dattijo, na ce, "Alhaji, a gwada mini shi a nan kafin in biya." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, in an buɗe kwali an saya ke nan. Kayan wuta ba a maido su." Na ce to garanti fa? Ya yi dariya ya nuna sama. Ban ji haushinsa ba sosai, domin shi ma haka aka sayar masa da katan ɗin a inda ya saro, ba gwaji, ba maidowa. Amma a kwana ukun nan ƙanwata ba ta buga ko shafi ɗaya ba, lokacin da ɗalibai ke rububin miƙa rahoton ƙarshen shekara. Kuɗin kabu-kabu, kuɗin sharjar, cinikin da ya wuce ta, in ka tara, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jikka 42, ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ba wanda zai rubuta wannan asarar a wani littafi.

Yanzu mu zo kan abin da muke yi in mun gaji. Muna sayen adaftatar na dala hamsin ko dala ɗari. Ku riƙe shi a hannu ku ji: roba ce mara nauyi da ƴan ƙarafa sirara a ciki. Ƙafafunsa galibi irin siraran nan ne na milimita 4, waɗanda aka yi don ƙananan kaya kamar fitila da rediyo, alhali ramin priz na Faransa an yi shi ne ya riƙe har masu kauri 4.8. Sai ka ɗora masa ƙaton kan Ingila da akwatin sharjar a kai, nauyi ya rinjaye shi, ya sunkuyo. Inda ƙarfe bai kama ƙarfe da kyau ba, nan zafi ke taruwa. Wannan ƴar ƙarar tsit-tsit da kuke ji a bango, da baƙin da ke zagaye ramin priz, da warin roba, ba ado ba ne. Da yawan waɗannan adaftatar kuma ramin ƙafa ta uku na banza ne, ba a haɗa shi da komi ba, wayar ƙasa ta tsaya a nan.

Wanda bai da dala hamsin ɗin, ko ya ga ɓata lokaci ne, sai ya sa reza ya datse kan, ya fere waya biyu, ya cusa a rami ya tokare da tsinken ashana. Kowa a cikinmu ya taɓa ganin wannan, a shago, a ɗakin ɗalibai, har a ofis. A tsayin gwiwa, inda yaro mai rarrafe ke kaiwa. Kan Ingilan nan da aka datse aka jefar kuwa akwai fizibil a cikinsa, ɗan abin da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa kafin waya ta kama. Tsarin Faransa ba ya sa fizibil a kan waya, ya dogara ne da cewa gidan na da allon masu katse wuta, kowane layi da nasa. Gida nawa ne a unguwanninmu aka ja wa waya haka? Da yawa abin katsewa guda ne, can wajen kwantar. Ka ga mun jefar da kariyar Ingila, ba mu kuma mallaki ta Faransa ba. A ce gobara ta tashi a rumfa cikin dare, gobe a ce "wutar lantarki ce", a yi jaje, a wuce.

Daga ina wannan rabuwar ta samo asali? Ingila ta fito da kanta mai ƙafa uku a 1947, bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ake sake gina gidaje kuma tagulla ta yi wuya. Sai suka riƙa zagaye gida da layi ɗaya mai ƙarfi don rage waya, shi ya sa dole kowane kai ya ɗauki fizibil nasa. Dalili ne mai kyau, amma dalilinsu ne. Faransa da Jamus suka bi masu zagaye. Kowace ta kai nata inda ta yi mulki. Iyakar da ta raba Maraɗi da Katsina kuwa Turawan biyu ne suka zana ta a yarjeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, ba wanda ya tambayi Katsinawan da ke ɓangarorin biyu. Yau tsakanin garuruwan bai kai kilomita 100 ba, dangi ɗaya, harshe ɗaya, aure na shiga tsakani. Abin dariya ma, layin da ke kawo wa Maraɗi da Damagaram kuran daga Katsina ya taso, ya biyo ta Gazawa. Wuta ɗaya ce ke gudana a wayoyin. Amma amaryar da aka kawo daga Katsina da kayan ɗakinta, firji da talabijin da dutsen guga, ranar farko sai an nemo mata adaftatar kafin ta kunna ko ɗaya.

Kada wani ya ɗauka zan tsaya in zagi Turawa in tafi. Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma ba ya gyara priz ko ɗaya. Tun 1960 muke riƙe da ƙasarmu. Bambancin tsari ba mu kaɗai ya sama ba; a 1986 hukumar duniya mai daidaita kayan lantarki ta fito da kai guda da take so kowa ya bi, kusan kowa ya yi biris, Afirka ta Kudu da Barazil na cikin ƙalilan da suka ɗauki wani abu daga ciki. Saboda haka duniya ba za ta haɗu a kan kai ɗaya gobe ba. Abin da ƙasashe masu mutunta mutanensu suka yi shi ne, kowace ta tsare ƙofarta. A Ingila tun 1994 doka ta ce kayan wutar gida da za a sayar wa jama'a su zo da kan da ya dace da bangon ƙasar a jikinsu. Saudiyya, da ta daɗe da cakuɗen kawuna kamar namu, ta zaɓi guda ta tilasta wa masu shigo da kaya. Ba fasaha ake buƙata ba a nan, takarda ce da jami'in da zai buɗe katan ya duba. Mu ma muna da duwan, muna da ma'aikatar kasuwanci, muna da hukumar da aka kafa don ma'auni da ingancin kaya. Duk abin da aka rubuta a Yamai, bai iso teburin mai sayar da waya ba. Ana karɓar kuɗin fito a kan katan ɗin sharjar, amma ba a tambayi ko zai shiga bangon wanda zai saya ba.

Su kuma kamfanoni, sun daɗe suna cewa bakin sharjar ba ya daidaituwa, kowace na'ura da buƙatarta. Masu shekaru a cikinku sun tuna lokacin da kowace salula ke da nata, ka je gidan mutane kana tambaya ko akwai mai ƙaramin baki na Nokia. Tarayyar Turai ta fara lallashinsu a 2009, iri-irin sharjar suka ragu daga wajen talatin zuwa uku. Da lallashi ya tsaya, sai ta yi doka a 2022: daga 28 ga Disamba 2024 duk salula, da kwamfutar allo, da kyamara, da abin sauraro da za a sayar a ƙasashenta dole su karɓi USB-C, kwamfutar hannu kuma daga Afrilu 2026. Sun ce sharjar da ake zubarwa ko ake ajiyewa ba amfani a wajensu na kai tan 11,000 a shekara. Apple da ta fi kowa gardama, a 2023 ta fito da iPhone 15 da USB-C, ba ta mutu ba, kasuwarta ba ta rushe ba. Saudiyya ma ta bi sahu daga farkon 2025. Waccan dokar ta 2022 ba ta haɗa da ekaran ba, amma ta tona asiri. USB-C na iya ɗaukar wat 100, sabon tsarinsa har 240. Ekaran na ofis mai volt 19 da amper 1.7, ku ninka ku gani, wat 32 ne da ɗan kai. Abin da aka ce ba ya yiwuwa, ranar da babbar kasuwa ta ce dole, ya yiwu.

Na san abin da wasu za su ce. Ƙasa na fama da rashin tsaro, da tsadar abinci, da ɗaukewar kuran, mutum ɗaya cikin biyar ne ma ke da wutar, kai kana maganar kan waya? E, ina yi. Wanda ke da wutar nan, da kyar ya same ta, kuma sau da yawa shi ke sharja wa unguwa salula, shi ke buga wa mutane takardar neman aiki, shi ke sayar da ruwan sanyi. Kayan aikinsa ne jarinsa. Kuma ni ban ga yadda hukumar da ta kasa duba katan ɗin sharjar za ta iya duba katan ɗin magani ba. Ƙofa ɗaya ce, hali ɗaya ne. Muna yawan maganar ikon ƙasa a kan abin da ke cikinta, magana ce mai daɗi a bakin kowa. Wani yanki na wannan ikon shi ne ƙasa ta iya ce wa mai shigo da kaya: wannan ba zai shiga ba sai ka gyara.

Akwai kuma masu cewa in an tsaurara kaya za su yi tsada, talaka ne zai sha wuya. Wannan hujjar ta fi ta farko nauyi, ba zan raina ta ba. Kayan gwanjo su suka sa ɗalibi da ƙaramin ɗan kasuwa suka mallaki kwamfuta, kuma ba na kiran a hana su. Amma mu yi lissafin gaskiya. Wayar bango mai kan Faransa, in an saro ta da katan, kuɗinta kaɗan ne, kuma mai shigo da kaya dubu ya fi kowa samun ta da arha. Yanzu ma ana biyan kuɗin, sai dai mai saye ne ke biya, ɗaya bayan ɗaya, a farashi mafi tsada: adaftatar da ke narkewa bayan wata biyu, sharjar na biyu bayan na farko ya ƙi, wani lokaci ekaran ɗin gaba ɗaya. Arhar da ake ba mu labari, a bakin shago take ƙarewa.

Ina kuma waɗannan matattun kaya ke zuwa? Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da abokan aikinta a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kusan tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, fiye da tan 15,000 daga ciki ba sa aiki tun daga jirgi, da yawa an cuso su cikin motocin gwanjo. Wani kaso na wannan kogin yana gangarowa arewa ya ƙetaro mana. A duniya baki ɗaya, rahoton Majalisar ya ce an tara tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, a Afirka ko kashi ɗaya cikin ɗari bai cika ba. Tun 1991 ƙasashen Afirka, har da Nijar, suka sa hannu a yarjejeniyar Bamako ta hana shigo da shara mai guba nahiyar. Amma ekaran mai lafiya da ya rasa sharjar ba a lissafa shi shara a bakin iyaka. A nan cikin gari yake zama shara. Ƙarshensa bola, inda yara ke ƙona waya don cire tagulla suna shaƙar hayaƙin.

Abin da nake nema ba shi da yawa, kuma ba sai an ciwo bashi ba. Hukuma ta fito fili ta faɗi tsarin priz na ƙasar nan, ta ce duk sabon kayan wuta da za a sayar ya zo da kan da ke shiga shi, ko da waya ta canji a cikin kwali. A ba ƴan kasuwa wa'adi su sayar da abin da ke hannunsu, kada a wayi gari a hau kwashe kayan masu tebur, don mun san yadda ake yi, babban mai shigowa ya tsira, ƙaramin ya sha duka. A fara daga manyan, a bakin duwan. Ofisoshin gwamnati da ƙungiyoyin da ke sayen kwamfuta da yawa su rubuta wannan sharaɗin a takardar oda, su ne manyan masu saye, in suka ƙi karɓa ƴan kwangila za su gyara cikin mako guda. Adaftatar da ba ya ɗauke da wayar ƙasa, ko wanda robarsa ke narkewa, a hana shi shiga kamar yadda ake hana lalataccen abinci. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa kuma su yarda da abu ɗaya: a gwada kayan wuta gaban mai saye. Priz ɗaya a shago da ƴar na'urar auna volt, wadda duk mai gyaran rediyo ke da ita, sun isa. Alamar CE da ke jikin akwati kada ta ruɗe ku, mai ƙera kaya ne ke buga ta da kansa, mai jabu ma yana da injin bugawa.

Kafin su motsa, mu da ke da salula mai kyamara muna da abin yi. In sharjar ya mutu kada a jefar da shi, a tafi da shi kasuwa, a ɗauki hoton rubutun bayan ekaran a tafi da shi shi ma. A gwama volt da volt, amper da amper, zanen ƙari da ragi da ɗan uwansa, baki da baki. A zaɓi sharjar da ake cire wa wayar bango a kan wanda ƙafafunsa ke manne. In wanda ya dace ya zo da kan Ingila a jikin waya, a kai wa mai gyaran kuran ya sa masa kan Faransa mai kyau da sukurori, ruwan ƙasa da shuɗiya a ƙafafu, mai kore da rawaya a wayar ƙasa, maimakon a tara adaftatar kan adaftatar. Shagon da ya ƙi gwadawa, a fita a shiga na gaba, kuma a gaya wa mai shagon dalilin fitar, cikin ladabi, ya ji da kunnensa.

Ku kuma da ke da ekaran a ƙarƙashin tebur, ku ciro shi yau ku share ƙurar, ku juya bayansa ku karanta volt nawa yake nema. Ku rubuto mana garinku da adadin waɗanda kuka samu a shagonku ko ofishinku. Ina so mu tara lissafin daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, mu kai shi ma'aikatar kasuwanci a rubuce.